Yadda ake sasanta gardamar doka da bambancin salo a wasan jarumai na kan tebur

Wasan jarumai na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons (D&D a taƙaice) da Pathfinder, mutum ɗaya ne ke zama jagora yana bayyana duniya da dodanninta, sauran kowa ya riƙe jarumi guda, dayis, wato ƙwayar jifa mai lambobi a fuskokinta, kuma ya raba gardama idan ba a san abin da zai faru ba. Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da D&D ake jayayya a kan dokokinsa, kuma littattafan ba su taɓa ƙarewa da amsar kowace tambaya ba. Abin da ya kamata jagora ya sani shi ne, mafi yawan rigimar da ake cewa ta doka ce, asalinta rigimar salo ce. Wanda ya kafe sai an ƙirga nauyin kayan da jarumi ke ɗauke da su, da wanda ke cewa a bar wannan a ci gaba da labari, wasa biyu daban suke so su buga a tebur ɗaya. Idan ka buɗe littafi ka nuna wa ɗayansu shafi, ka ci gardamar yau, mako mai zuwa za ta dawo da wata rigar.

Mataki na farko: zaman share fage

Kafin a jefa dayis ko sau ɗaya, a ware zama guda, awa ɗaya zuwa biyu, wanda ba za a yi wasa a cikinsa ba. Jagora ya zo da takarda, a amsa tambayoyin da ke ƙasa, a rubuta amsoshin. Kada su wuce shafi ɗaya, domin abin da ya wuce haka babu mai karanta shi.

Da wane bugun littafin dokoki za a yi wasa? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Bugu na biyar na D&D ya fito a 2014, aka sake gyara shi a 2024, kuma suna ɗaya suke amsawa. A na 2014 shan maganin warkarwa yana cinye babban aikin jarumi na zagayen faɗan, a na 2024 ƙaramin aiki ne, yana iya sha kuma ya kai hari. A na 2014 wanda aka yi wa kwanton ɓauna ba ya motsi ba ya aiki a juyinsa na farko, a na 2024 tawaya kawai yake samu, wato ya jefa dayis biyu a ɗauki ƙarami, a jifan da ke tsara wanda zai fara. Mutum biyu za su iya shafe minti ashirin suna musu, kowa na da gaskiya, don kowa littafinsa daban. A faɗi bugu, a kuma faɗi ƙarin littattafan da aka yarda a ɗauko jarumi daga cikinsu.

Ta yaya za a fitar da makin halittar jarumi, wato lambobi shida na ƙarfinsa, basirarsa da makamantansu? Hanyoyi uku ne sanannu: jerin da aka tanada (15, 14, 13, 12, 10, 8), sayen maki da kason 27, ko jefa d6 (dayis mai fuska shida) huɗu a zubar da mafi ƙanƙanta, sau shida. Ta ukun ta fi daɗi a ranar, amma ita ce ke haifar da ƙorafin wata shida, saboda wani zai fito da 18 da 17, wani kuma babbar lambarsa 13. Idan ana son jifa ba a son hassada, kowa ya jefa jeri ɗaya, sannan a bar kowa ya zaɓi duk jerin da yake so daga cikin waɗanda aka jefa.

Jarumi yana mutuwa ko ba ya mutuwa? A faɗa ƙarara. Haka nan a yanke ko jagora zai riƙa jifa a fili ko a bayan kariyar da ke ɓoye dayis daga idon 'yan wasa, ko za a yi faɗa a kan taswira mai gidaje, kowane gida ƙafa 5, ko a baki kawai, ko an yarda jarumi ya yi wa ɗan'uwansa sata ko ya kai masa hari. Sai abubuwan da wani ba ya so su shigo labari sam, da waɗanda za a ambata a wuce ba tare da an zana su ba. Wasu tebura na ajiye kati mai alamar X, dabarar John Stavropoulos, wanda duk ya taɓa shi sai a canza zancen ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi: wa ke da maganar ƙarshe a lokacin wasa? Amsar da ke aiki ita ce jagora a lokacin wasa, dukan tebur bayan an tashi. Kowa ya furta da bakinsa cewa ya yarda.

Mataki na biyu: gano abin da kowa ya zo nema

Littafin 'yan wasa na 2014 ya kasa wasan gida uku: faɗa, bincike, da mu'amala da mutanen cikin labari. Ka ba kowa ƙaramar takarda, ya raba maki 10 a tsakanin ukun nan yadda yake so, a ɓoye, don kada mai yawan magana ya ja sauran. Ka tara. Idan mutum huɗu sun ba faɗa 5 ko 6, ɗaya ya ba shi 1, ka san daga inda rigima za ta ɓullo tun ba ta ɓullo ba. Wannan mutum ɗayan yana bukatar fage nasa a kowane zama, ko da na minti goma sha biyar ne, inda magana da sarki ko ɗan kasuwa za ta canza wani abu na gaske.

Takardar ba ta nuna komai da komai, sai ka lura da zama biyu ko uku na farko. Akwai mai lissafi, wanda ya san haɗin da zai ba jaruminsa ɓarna mafi yawa. Akwai mai shiga rigar jarumi, wanda zai zaɓi makami mara ƙarfi don na mahaifin jarumin ne. Akwai mai dabara da ke son a ba shi matsala ya warware, da mai son ya taɓa kowane maɓalli ya ga abin da zai faru, da wanda zaman kawai ya kawo shi, ba ya son a sa masa ido. Ba ɗayansu da ke wasa ba daidai ba. Matsala tana zuwa ne idan tazarar ƙarfi ta yi yawa: dodon da zai gwada mai lissafi zai kashe sauran, wanda ya dace da sauran kuma zai faɗi kafin su taɓa shi. Kada ka rage wa mai lissafi ƙarfi a ɓoye. Ka yi masa magana a fili, ka nemi ya taimaka wa sauran su gyara jarumansu, ko ya karkata gwanintarsa ga jarumin da ke ƙarfafa abokan tafiya. A fagen faɗa kuma ka daina kawo ƙaton dodo ɗaya. Ka kawo babba ɗaya da ƙanana huɗu ko biyar, da wata manufa da ba kisa ba, kamar tare ƙofa ko fitar da fursuna.

Akwai wani bambanci da ya fi wannan zurfi, wanda ke raba tsohon salo da sabo. A tsohon salo, idan ana neman tarko, ɗan wasa ne ke faɗin abin da yake yi: zai zuba ruwa a ƙasa ya ga inda yake tsiyaya, zai taɓa dutsen da dogon sanda. A sabon salo jarumin ne ke da ƙwarewa, sai a jefa d20 (dayis mai fuska ashirin) a ƙara lambarsa. Mai tsohon salo yana jin an yi masa fashi idan ya kawo dabara mai kyau aka ce ya jefa dayis ya faɗi. Mai sabon salo yana jin an yi masa fashi idan ya kashe makinsa a kan ƙwarewar gano tarko, sai ga wani ya gano shi da baki. Hanyar haɗa su: bayanin da ya kai ga tarkon kai tsaye ya yi nasara ba jifa, bayanin da ya kusa ya sami fifiko a jifa, wato a jefa biyu a ɗauki babba, wanda bai bayyana komai ba ya yi jifa na yau da kullum. Da haka babu wanda aikinsa ya tashi a banza.

Mataki na uku: idan gardama ta tashi ana tsakiyar wasa

Nan ne ake bukatar tsari, domin minti goma na musun mutum biyu minti goma ne da aka ƙwace wa sauran uku. Ka dakatar da wasan, ka ba mai ƙorafi dama ya faɗi hujjarsa sau ɗaya, ba a katse shi. Idan ya san shafin, ya buɗe. Minti biyu ne iyaka, kuma yana da kyau a sa agogo a ga lokacin da ido. A ba mutum ɗaya aikin duba littafi, wanda ba juyinsa ba ne, jagora ya ci gaba da kula da tebur.

Idan an sami wurin, a karanta shi da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe. Rabin gardamar sihiri tana mutuwa a nan, don yawanci jimla ta ƙarshe ce aka manta, wadda ta ce sai an ga abin da za a jefa wa sihirin, ko sai an riƙe hankali a kansa. Idan dokoki biyu sun yi karo, D&D na da ƙa'ida rubutacciya: keɓantacciyar doka tana rinjayar ta gama-gari. Abin da aka rubuta a jikin sihiri ko baiwar jarumi shi ke gaba da abin da babin faɗa ya faɗa wa kowa.

Idan rubutun na ɗaukar ma'ana biyu, za ka ji ɓangare ɗaya na riƙe da zahirin rubutu, ɗaya na riƙe da abin da marubutan suka nufa. Kamfanin Wizards of the Coast, mai buga D&D, na da tarin amsoshi na hukuma mai suna Sage Advice Compendium, amma ba a tsakiyar faɗa ake neman sa ba. Ka yi wa kanka tambaya biyu. Wace fassara ce, idan dodanni ma suka yi amfani da ita a kan jarumai, 'yan wasa za su ce an yi adalci? Wace ce, idan aka maimaita ta a kowane faɗa, ba za ta mayar da sauran dabaru banza ba? Wadda ta tsallake biyun ita ce hukuncinka. Idan har yanzu sun yi kunnen doki, ka ba ɗan wasa, musamman idan ran jaruminsa ne a kai. Wasu na jefa d6, 1 zuwa 3 wannan, 4 zuwa 6 wancan. Yana da sauri, amma kada a yi shi a kan abin da zai kashe jarumi.

Sai ka faɗi hukuncin da sharaɗinsa: "Malam, na ji ka. A daren nan haka za mu tafi, na rubuta, idan mun tashi mu duba tare." Ka rubuta da gaske, a gabansa. Mutum yana iya haƙura da hukuncin da bai yi masa daɗi ba idan ya ga an ajiye maganarsa. Kuma a yanke tun farko cewa ba a komawa baya fiye da juyin da ake ciki. Wanda ya tuna bayan zagaye biyu cewa ya manta ƙarin 2 a harinsa, ya wuce, haka ma idan jagora ne ya manta ikon dodonsa.

Mataki na huɗu: hukunci a inda littafi ya yi shiru

Ɗan wasa ya ce zai yi lilo da igiyar fitila ya dira a kan dodo. Babu shafin da ya yi maganar wannan. Da farko ka duba ko abin na iya yiwuwa, ko yana iya faɗuwa, da ko faɗuwar na da farashi. Idan ba zai yiwu ba, ka ce ba zai yiwu ba, kada ka bari a jefa. Idan babu farashi, kamar buɗe kwaɗo a ɗakin da ba mai korar su, ka ce ya buɗe. Jifa sai inda ukun suka haɗu.

Lambar wuya, wato lambar da jifa zai kai kafin a ci nasara, a bugu na biyar tana tafiya biyar biyar: 10 mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya, 25 mai wuya ƙwarai, 30 kusan ba zai yiwu ba. Kowace lamba ɗaya a d20 kashi 5 cikin 100 ce. Jarumi mai ƙarin 5 da ke fuskantar 15 yana bukatar 10 ko sama, wato kashi 55. Da fifiko, inda ake jefa d20 biyu a ɗauki babba, ya kai kusan kashi 80. Da tawaya, inda ake ɗaukar ƙarami, ya sauko kusan kashi 30. Ka ga fifiko ba ƙaramar kyauta ba ce, kada ka riƙa rabon sa ga duk wanda ya yi magana mai daɗi. Fifiko biyu ba sa taruwa, kuma fifiko da tawaya suna soke juna ko nawa ne a kowane ɓangare.

Abu mafi amfani a nan shi ne ka faɗi sakamako kafin a jefa: "Lambar 15 ce. Ka ci, harinka na da fifiko. Ka faɗi, kana ƙasa a gabansa. Za ka yi?" Wanda ya ji sharaɗi ya amince ba ya da bakin ƙorafi bayan dayis ya tsaya.

Gardamomin da ba sa ƙarewa

Lamba 20 a kan dayis. A dokar D&D ta 2014, 20 tana tabbatar da bugu mai tsanani a hari, amma ba ta sa gwajin ƙwarewa ya yi nasara kai tsaye. Tebura da yawa na wasa kamar tana yi, daga nan ake samun wanda ke son ya lallashi sarki ya ba shi gadon sarauta don ya jefa 20. Maganin yana mataki na huɗu: abin da ba zai yiwu ba ba a jefa masa dayis. Pathfinder bugu na biyu, na 2019, ya bi wata hanya, inda 20 ke ɗaga sakamako mataki ɗaya, wuce lambar wuya da 10 kuma ke ba da babbar nasara. Wanda ya zo daga can zai ɗauka haka ake yi ko'ina.

Tuntuɓe a kan lamba 1. Dokar gida ce da ake so don ban dariya: ka jefa 1, takobinka ya faɗi ko ka sari abokinka. A yi lissafi kafin a karɓe ta. Mai hari ɗaya a zagaye yana da kashi 5 na tuntuɓe. Mayaƙin da ya kai matakin ƙwarewa na 20, mai hari huɗu, yana da kusan kashi 18 da rabi a kowane zagaye, a faɗa mai zagaye biyar kuma kusan kashi 64. Wato gwargwadon ƙwarewarsa gwargwadon shirmensa, alhali matsafin da ke sa abokan gaba su yi jifan kare kai bai taɓa d20 ba balle ya yi tuntuɓe. Idan tebur ya nace, a taƙaita ta ga harin farko na zagaye, sakamakon kuma ya zama mai sauƙi.

Sa abokin gaba a tsakiya, wato jarumai biyu su tsaya masa gaba da baya. Littafin jagora na 2014 ya kawo ta a matsayin zaɓi, tana ba da fifiko. Da yake samun ta ba wuya, tana rage darajar duk wata baiwa da ke ba da fifiko da tsada, kamar harin ganganci na barde mai fushi. Shi ya sa wasu ke mayar da ita ƙarin 2, kamar yadda take a bugu na uku na D&D.

Hutu. Gajeren hutu awa 1 ne, dogo awa 8. Littafin jagora na 2014 ya gina lissafinsa a kan karo shida zuwa takwas masu matsakaicin wuya ko masu wuya a yini, da gajeren hutu kamar biyu. Teburin da ke faɗa ɗaya a yini sannan a kwana, matsafi zai zazzage dukan sihirinsa a kowane faɗa, mayaƙin da ƙarfinsa ke dawowa da gajeren hutu ya zama ɗan kallo. Za a ce matsafi ya fi ƙarfi, alhali tsarin yinin ne ya karkace. Ko ka sa wa labari agogo yadda kwana zai jawo asara, ko ka ɗauki zaɓin da ke cikin littafin, gajeren hutu awa 8, dogo kwana 7.

Jagora ya canza abin da dayis ya nuna a ɓoye. Wannan ba doka ke raba ta ba, yarjejeniya ce. Mai son ƙalubale, ranar da ya gano an taɓa ceto shi, duk nasarorinsa na baya sun zube a idonsa. Idan tebur bai amince da hakan a zaman share fage ba, ka jefa a fili, ka sassauta ta hanyoyin da kowa ke gani: dodo ya kama fursuna maimakon kisa, ko ya gudu idan ya ji jiki.

Sanin ɗan wasa da sanin jarumi. Kowa ya san dodon da ake kira turol yana warkewa sai an sa masa wuta ko ruwan asid, to shin jarumin ya sani? Tilasta wa mutum ya yi kamar bai sani ba har zagaye uku wasa ne mara daɗi. Ka ɗauka labarin ya bazu a duniyar, ko ka canza raunin dodon ka ajiye alamar da za a gano shi.

"Ai haka jarumina zai yi." Ana faɗin ta ne bayan an sace kayan abokin tafiya ko an kashe wanda ake tattaunawa da shi. Wanda ya ƙirƙiri jarumin shi ya zaɓa masa hali, yana kuma iya zaɓa masa wani. Doka mai aiki: duk abin da jarumi zai yi wa jarumin wani, wanda za a yi wa ne ke faɗin ko ya faru, ba dayis ba.

Mataki na biyar: bayan an tashi

A ɗauki minti goma a duba abin da aka rubuta, ko a yi ta saƙo kafin zama na gaba. Yanzu ne lokacin buɗe littafi a natse. Idan hukuncin daren ya saɓa wa doka, jagora ya faɗa a fili, a zaɓi ko a koma ga littafi ko a riƙe sabon a matsayin dokar gida. Abin da ya riga ya faru a labari ba a warware shi, sai dai idan jarumi ya mutu saboda kuskuren, nan kam a nemi hanyar gyara.

Duk sabuwar dokar gida a rubuta ta cikin jimla ɗaya ko biyu, a gwada ta zama uku, sannan a sake tambaya. A canza abu ɗaya a lokaci guda, don idan aka canza uku wasa ya lalace ba za a san mai laifi ba. Ta hau kan dodanni kamar yadda ta hau kan jarumai, kuma a tuna cewa duk dokar da ke ƙara tsananin bugu ta fi cutar da jarumai, domin dodo faɗa ɗaya yake yi ya tafi, jarumi kuwa yana shan hari a kowane zama. Idan dokar ta taɓa abin da wani ya gina jaruminsa a kai, a ba shi dama ya sake gini kyauta.

Wani lokaci duk wannan ba ya isa. Idan mutum ɗaya ne ke tayar da gardama a kowane zama, ka same shi shi kaɗai, ba a gaban tebur ba, ka faɗi abin da ka gani da lokacin da ya faru, ka tambaye shi abin da yake nema bai samu ba. Sau da yawa masanin doka da ke yawan katse wasa yana lafawa idan aka ba shi aikin duba littafi a hukumance. Kada ka rama a cikin labari ta hanyar aiko wa jaruminsa dodon da ya fi ƙarfinsa, kowa zai gane, kuma daga ranar babu mai yarda da dayis ɗinka. Idan bayan magana biyu abin da yake so ya saɓa wa abin da sauran huɗu ke so, ka gaya masa kai tsaye cewa wannan dogon labarin ba irin nasa ba ne, ka gayyace shi wasan zama ɗaya da za a buga da salon da yake so, ko ka ba shi kujerar jagora a ranar.